Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Rumbun Bayanai da Igiyar da Ke Kaiwa Gare Shi

A watan Satumba na shekarar 2021 aka rufe hanyoyin sadarwar wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, domin a toshe wa 'yan bindigar dajin Rugu da kewayensa kafar samun labari. Batsari da Safana suna cikin wuraren da abin ya shafa, aka kuma shafe watanni kafin sabis ya dawo. An yi ta muhawara a kan ko matakin ya biya buƙata ta fuskar tsaro, wannan kuwa magana ce ta masu ita. Abin da ya ja hankalina a matsayina na malamin kimiyya shi ne darasin da waɗannan watanni suka koyar, wanda har yanzu bai shiga ajin yaranmu ba. A duk tsawon lokacin, babu abin da ya sami manyan na'urorin bankuna da na hukumomi da ke Legas da Abuja. Bayanan jama'a suna nan daram a cikinsu. Amma mai sana'ar POS a kasuwar Batsari, da ma'aikaciyar lafiya mai aika rahoto ta waya daga Runka, sun zama tamkar wanda ya tsaya bakin rijiya cike da ruwa alhali igiyarsa ta tsinke. Masu iya magana suka ce rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ra'ayina shi ne, duk wanda zai rubuta manhaja domin amfanin mutanen irin waɗannan wurare, wajibi ne ya ɗauki tsinkewar layi a matsayin abin yau da kullum, ya kuma ba igiyar da ke haɗa manhajarsa da rumbun bayanai irin kulawar da yake ba rumbun kansa. Zan kafa hujja da wani nau'in rumbu da ake ji da shi saboda saurinsa, wato rumbu mai zama a ƙwaƙwalwar aiki, domin a kansa ne aka fi yaudaruwa.

Ƙwarya da rumbu

Kowace kwamfuta, har da wayar da ke aljihunka, tana da wuraren ajiya iri biyu. Akwai faifai, inda hotuna da takardu ke zama ko da an kashe na'ura. Akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM, inda na'ura ke aza abin da take amfani da shi a yanzu. Faifai shi ne rumbun gero na bayan ɗaki. Ƙwaƙwalwar aiki kuwa ita ce ƙwaryar tsabar da uwargida ta ɗebo ta ajiye kusa da turmi. Ƙwarya tana kusa da hannu, amma ƙarama ce, kuma tana da wani babban aibu: da zarar wuta ta ɗauke, duk abin da ke cikinta ya tafi.

Ɗalibin nazarin halittu ba zai ga wannan baƙon abu ba, domin haka ƙwaƙwalwar ɗan Adam take. Lambar wayar da aka karanto maka kana iya riƙe ta na ɗan lokaci, in wani ya katse ka da magana sai ta ɓace. Sunan garinku kuwa ba ka mantawa. A shekarar 1953 aka yi wa wani Ba'amurke mai suna Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiya, aka cire masa yawancin wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus a ɓangarorin biyu. Bayan aikin yana hira da mutane lafiya lau, yana kuma tuna ƙuruciyarsa, amma sabon abin da ya faru da shi ba ya zama. Hanyar da ke kwashe tsaba daga ƙwarya zuwa rumbu ce ta lalace. Haka ya rayu har ya rasu a 2008.

Rumbun bayanai na gargajiya a faifai yake ajiya. Sai masana suka ga cewa akwai bayanan da ake nema sau dubbai a daƙiƙa guda, don haka gara a bar su cikin ƙwarya. Daga nan aka sami Memcached, wanda Brad Fitzpatrick ya rubuta a 2003, sannan Redis, wanda Salvatore Sanfilippo, mutumin Sisili ta ƙasar Italiya, ya fitar a 2009. A 2024, bayan kamfanin Redis ya sauya sharuɗɗan lasisinsa, wasu suka ɓalle da reshe mai suna Valkey, wanda aikinsa kusan ɗaya ne da na uwar. A irin waɗannan rumbuna ake yawan ajiye shaidar cewa ka shiga shafi da kalmar sirrinka, da lambar tantancewa da ake turo maka ta waya, da jerin ayyukan da ke jiran a yi su.

Lissafin sauri

To, yaya saurin yake? Ɗauko bayani daga ƙwaƙwalwar aiki yana cin kimanin kashi ɗaya cikin miliyan goma na daƙiƙa. Ɗauko shi daga faifai mai juyawa yana cin kimanin milisakan 10, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na daƙiƙa. Wato ƙwarya ta fi tsohon faifai sauri kimanin sau 100,000. Wannan adadi shi ke ruɗin matasa masu koyon rubuta manhaja.

Amma mu ƙara lissafi ɗaya. Haske a cikin wayar gilashi yana gudun kilomita 200,000 a daƙiƙa. A ce saƙo zai yi tafiyar kilomita 1,000 daga yammacin Katsina zuwa wata na'ura a kudu, ya kuma dawo. Kilomita 2,000 ke nan, wato milisakan 10 ko da babu tsaiko ko ɗaya a hanya. Duk ribar da aka ci wajen guje wa faifai, hanya ta cinye ta. In kuwa sabis mai rauni ne, har tafiya da dawowa suka ci milisakan 200, sai abin ya zama haka: da a ce ɗauko bayanin daƙiƙa guda ne, to hanyar kwana 23 ce. Ya kai mai karatu, ina amfanin mai sayar da kaya mai zafin nama idan shagonsa yana nisan kwana 23?

A nan akwai abin da ya kamata a fayyace. Wayar da ke Safana ba ta magana da Redis kai tsaye. Igiyoyi biyu ne. Ta farko doguwa ce, daga waya zuwa uwar na'ura inda manhaja ke zaune. Ta biyu gajera ce, daga manhajar zuwa rumbun, galibi a cikin gini ɗaya. Mai rubuta manhaja ba shi da iko a kan turakun sadarwa, amma gajeriyar igiyar a hannunsa take. Yadda ya saita ta shi ke nuna abin da zai sami mutumin Safana a lokacin da doguwar ta tsinke.

Ladubban ɗiban ruwa

Ladabi na farko shi ne kada a saƙa sabuwar igiya a kowane ɗiba. Kafin manhaja ta tambayi rumbu ko da kalma ɗaya, sai sun gaisa. Ta yi sallama, a amsa, ta tabbatar ta ji amsar. In layin na sirri ne, sai a ƙara musayar mabuɗai, sannan ta gabatar da kalmar sirri. Kowane mataki kai da komo ne. Saboda haka masu hankali sukan buɗe layuka kaɗan tun farko, a ce goma ko ashirin, su rataye su kamar gugunan da ake bari a bakin rijiyar unguwa. Mai buƙata ya ɗauki ɗaya, ya ɗebi ruwa, ya mayar. Ana kiran wannan tsari tarin layuka, kuma dole a yanka masa iyaka, domin shi kansa Redis, in ba a sauya saitinsa ba, ba ya karɓar fiye da layuka 10,000 a lokaci guda.

Ladabi na biyu shi ne mayar da guga, kuma a nan jikinmu yana da abin koyarwa. Idan jijiya za ta umarci tsoka ta motsa, sai ta saki wani sinadari mai suna asetilkolin a ɗan ratar da ke tsakaninsu. Nan take wani sinadarin ya zo ya wargaza shi, domin tsoka ta saki, ta shirya karɓar umarni na gaba. Maganin ƙwarin nan da muke kira fiya-fiya, aikinsa shi ne hana wannan share fage. Umarni ya shiga, ba ya fita, tsoka ta ɗaure, ƙwaro ya mutu, haka ma mutumin da ya sha shi da yawa numfashi ke gagararsa. Manhajar da ke ɗaukar layi ba ta mayarwa, musamman idan kuskure ya auku a tsakiyar aiki, irin wannan mutuwa take yi. Da safe tana aiki sumul, kafin azahar gugunan sun ƙare, kowa ya yi cirko-cirko, alhali rumbun lafiyarsa ƙalau.

Na uku shi ne yanka wa jira wa'adi. Layi yana iya mutuwa ba tare da ɗayan ɓangarorin ya sani ba. Redis, a saitinsa na asali, ba ya korar layin da ya yi shiru, wasu manhajojin kuma za su jira amsa har illa ma sha Allahu in ba a ce su daina ba. Ya kamata a rubuta a fili daƙiƙa nawa za a jira wajen buɗe layi, nawa za a jira amsa, nawa za a jira guga ya samu. Akwai kuma ɗan gajeren saƙo na jin bugun zuciya: manhaja ta ce PING, rumbu ya ce PONG. In bai amsa ba, a jefar da wannan layi a buɗe wani.

Na huɗu shi ne haƙuri wajen sake gwadawa. Ka ɗauka sabis ya dawo a Batsari bayan ɗaukewar yini guda. Kowace waya tana da saƙon da ya maƙale, dukkansu kuma za su tura a lokaci ɗaya, kamar garken shanu da ya hango mashaya. Uwar na'ura ta cika, ta ƙi amsa, su kuma su sake turawa nan take, sai cunkoson ya ninka. Maganinsa shi ne a jira daƙiƙa ɗaya bayan faɗuwar farko, biyu bayan ta biyu, sannan huɗu, sannan takwas, a kuma ƙara wa kowace waya ɗan jinkirin da ya bambanta da na 'yar'uwarta. Ita ma jijiya, bayan ta aika saƙo, tana da ɗan lokacin hutu da ba ta amsa kira komai ƙarfinsa.

Na biyar ya shafi aljihu. Idan manhaja ta aika umarni ba ta ji amsa ba, ba ta san ko umarnin ne ya ɓace a hanya ko amsar ba. In amsar ce ta ɓace, aikin ya riga ya gudana, sake turawa kuwa yin sa ne sau biyu. Duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi sau biyu a ciniki ɗaya ya san zafin wannan. Haka za a iya rubuta yaro ɗaya sau biyu a rajistar allurar rigakafi, alƙaluma su nuna an yi wa yara da yawa alhali wasu ba a kai gare su ba. Gyaran ba shi da wuya: a ba kowane aiki lambarsa ta musamman tun daga waya. Redis yana da umarnin da ke cewa a rubuta abu in babu irinsa a ciki, in akwai a ƙyale. Da wannan, ko sau goma aka turo, sau ɗaya za a yi.

Na shida shi ne wa'adin da ake sa wa bayanai. Rumbun ƙwaƙwalwa yana ba da damar a ce wannan bayani ya goge kansa bayan minti kaza. Mai zaune a ofis mai sabis ba yankewa zai ga minti 30 sun isa. Ma'aikaciyar da ta cika fom mai shafi biyar a Zakka, sabis ya ɗauke mata awa biyu, za ta dawo ta tarar an manta da ita, aikinta ya bi iska. Lamba guda a fayil ɗin saiti ita ce ta jawo mata wannan asara, wanda ya rubuta lambar kuwa bai taɓa jin sunan garinta ba.

Na bakwai shi ne kulle ƙofa. Redis yana sauraro a ƙofa mai lamba 6379, a farkon zamaninsa kuma mutane da yawa sun bar ta buɗe ga duk duniya ba kalmar sirri, har ɓarayin intanet suka riƙa shiga. Wannan ya sa daga fitowa ta 3.2, a 2016, aka sa masa kariyar da ke ƙin baƙo in ba a saita shi ba. Adireshin rumbu da kalmar sirrinsa a ajiye su a wurin saiti na daban, kada a cusa su cikin rubutun manhaja da ke yawo hannu da hannu. A yankin da sunan mutum da garinsu da lambar wayarsa za su iya zama makami a hannun mai garkuwa da mutane, sakaci da wannan ƙofa wasa ne da rayuka.

Saura batun wuta. Makaranta ko asibitin da ya kafa ƙaramar uwar na'ura a harabarsa ya huta da doguwar igiya, amma ya gamu da aibun ƙwarya. Redis yana da hanyoyi biyu na kwashe tsaba zuwa rumbu: ko ya riƙa ɗaukar hoton duk abin da ke cikinsa lokaci-lokaci ya ajiye a faifai, ko ya riƙa rubuta kowane umarni a littafi. In aka zaɓi littafin, aka ce a tabbatar da shi kowace daƙiƙa, abin da za a rasa in wuta ta ɗauke bai wuce aikin kimanin daƙiƙa guda ba. In ba a kunna ko ɗaya ba, an yi wa na'urar irin tiyatar Henry Molaison.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wani zai ce, mutanen da ke fama da rashin tsaro da ƙarancin wuta, ina ruwansu da tarin layuka? Amsata ita ce, ko sun so ko sun ƙi, rayuwarsu ta riga ta rataya a kan waɗannan igiyoyi. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. A watan Mayu na 2025 hukumar ta fito ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sa su sake zama. Ba a ce rumbun ƙwaƙwalwa ne ya jawo ba, wasu na'urori ne ba a sabunta su yadda ya kamata ba, amma darasin ɗaya ne: ƙaramin sakaci wajen saiti yana iya taɓa makomar dubban yara. In hakan ta faru a Legas, ina ga wurin da sabis ke zuwa yana tafiya?

Wani kuma zai ce, ai mafita ita ce waya ta riƙa ajiye aikinta a cikinta, ta aika in sabis ya samu. Wannan gaskiya ne, kuma ina tare da shi. Manhajar ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, haka take aiki, an kuma yi amfani da ita sosai a yaƙi da shan inna a Nijeriya, yaƙin da ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Har ma zan ƙara da cewa ƙaramin asibiti mai ganin mutum 50 a rana ba ya buƙatar Redis ko kaɗan, ɗan rumbun faifai irin SQLite ya ishe shi. Sai dai abin da waya ta tara dole wata rana ya isa uwar na'ura, a ranar kuwa cunkoso da maimaici da wa'adi duk suna nan suna jira. Ajiya a waya tana jinkirta ranar ɗiban ruwa ne kawai, ladubban suna nan yadda suke.

Abin da ya rage gare mu

Malamai 'yan'uwana, ana iya koyar da wannan ko babu kwamfuta ɗaya a makaranta. Allo ya zama ƙwaƙwalwar aiki, littafin rajista ya zama faifai, kofuna uku su zama tarin layuka. Ɗalibi ba zai je allo ba sai da kofi a hannu. A sa ɗaya ya ɓoye kofinsa a aljihu, aji ya ga yadda layi ke tsawo. A goge allo ba zato, a ga abin da ya tsira a littafi. A sa ɗan aike ya ƙi kawo amsa, a tambayi aji ko za a sake turawa, da kuma yadda za a yi kada aiki ya maimaitu. Darasi ɗaya na minti 40 ya isa yaro ya fahimci abin da wasu ba su gane ba sai bayan sun yi wa jama'a ɓarna.

Jami'o'inmu kuma, irin su Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011 a maƙwabtan Safana, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, ina ba su shawarar su ƙara sharaɗi ɗaya wajen duba aikin ɗalibin da ya rubuta manhaja. A tsakiyar gwaji a zare wayar sadarwa, a kashe wuta, a jira minti biyar, a mayar. Manhajar da ta farfaɗo ba ta zubar da bayani ba, ba ta kuma maimaita aiki ba, ita ta ci. Haka hukumomin da ke sayen manhaja domin asibitoci da makarantu, su nemi a gwada musu ita a Batsari kafin su sa hannu a takarda.

Ku kuma ɗalibai, musamman 'yan Ruma da Wagini da Runka, kada ku ɗauka tasowa a wurin da sabis ke yankewa naƙasu ne a wannan fage. Kun san abin da injiniyan da bai taɓa rasa layi ba sai an koya masa. Kun san hawa tudu neman sabis, kun san saƙon da ya tafi ba a san ko ya isa ba. Ku haɗa wannan sani da lissafi da kimiyya, ku koyi rubuta manhaja, ku riƙa tambayar kowane layi da kuka buɗe: in ka tsinke yanzu, me zai sami mutumin da ke ɗaya ƙarshen? Manhajar da ta iya amsa wannan tambaya a Safana za ta yi aiki a ko'ina cikin duniya.